Isnadin Ƙugiya: Tarihin Kayan Su a Madekali da Bakin Kwara

Malaman da suka rubuta tarihin ƙasashenmu, Allah ya saka musu da alheri, sun fi mai da himma ga sarakuna da yaƙe-yaƙensu, da waliyyai da karamominsu, da malamai da silsilar waɗanda suka ɗauki karatu a gabansu, har ya zamana mai son sanin wanda ya ci wane gari, ko shekarar da wane sarki ya hau gado, ba ya rasa littafin da zai buɗa. Amma mai neman labarin mutanen da suka ciyar da waɗannan sarakuna da kifi, suka kuma ƙetarar da rundunoninsu da ayarin fatakensu daga wannan gaɓa zuwa waccan, sai ya sha wuya kafin ya sami ko da shafi guda. Masunta ba su bar mana littattafai ba. Abin da suka bari shi ne ƙugiya da zago da koma da gora, kuma duk wanda Allah ya ba basirar duban waɗannan kaya zai tarar a jikinsu akwai labarin maƙerin da ya ƙera su, da kifin da aka nufa da su, da halin da kogi yake ciki a zamaninsu, muddin dai ya same su tun masu bayaninsu suna raye.

Madekali gari ne a bakin Kwara, a ƙasar Dandi, cikin gundumar Malanbil ta jihar Alibori, a can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, inda mutum yake hango ƙasar Nijar a ƙetaren ruwa, in kuma ya bi gangaren kogi kaɗan sai ya faɗa ƙasar Illo ta Nijeriya. Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa da Fulani sun daɗe da cakuɗuwa a wannan yanki ta hanyar auratayya da ciniki, tun zamanin da fataken goro suke tasowa daga Kano su ƙetare Kwara a mashigun Illo da Gaya, su bi ta Kandi da Zugu har su isa Gwanja. Iyakar da ta raba dangi a nan ba ta kai shekara ɗari da hamsin ba, domin a yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris a 1898 ne aka yanke cewa layin zai taɓa kogi mil 10 sama da Giris, wato mashigar jiragen Illo. Ita kanta Malanbil, wadda kasuwarta ake lissafa ta cikin mafi girma a Benin, sunan wani gwamnan Dahome ne, Henri Malan, aka laƙaba mata, gadar da ta haɗa ta da Gaya kuwa sai a 1958 aka gama ta. Sana'ar su ta girmi duk waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba.

Hujjar wannan magana tana cikin ƙasa. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda a yau babu ko ɗigon ruwa, wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya ci karo a shekarar 2000 da maƙabartar wasu mutane da suka zauna a bakin tafki kimanin shekara 9,000 da suka shige, kuma cikin abin da suka bari har da zago da ƙugiya na ƙashi, tare da ƙasusuwan giwan ruwa. A Dufuna ta jihar Yobe, wani Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya tono kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awon masana ya nuna ya kai shekara 8,000. A nan Dandi kuwa, ayarin masu tonon kufai a ƙarƙashin Anne Haour sun yi aiki daga 2011 zuwa 2015, suka tona tudun Birnin Lafiya da ke wajen Karimama, wanda aka zauna a kansa tun daga wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13 na Miladiyya, suka tarar da daɓen tsingaro da ƙasusuwan kifi masu yawa. Ashe ke nan tun kafin a san sunan Askiya ko na Kanta, mutanen wannan gaɓa da kifi suke miya.

Su ma littattafan Larabci, ko da yake ba domin masunta aka wallafa su ba, sun ambaci zago a wurare biyu masu daraja. Shaihu Abdurrahman Assa'adi, mai Tarihus Sudan, wanda ya yi rubutunsa wajen 1655, ya kawo hikayar wani ƙaton kifi mai zobe a hanci da mutanen Kukiya suke bauta wa a jahiliyyarsu, har wani baƙo ya soke shi da zago ya kashe shi, suka naɗa baƙon sarki, daga gare shi kuma aka sami gidan sarautar farko ta Sanwai. Ibn Baɗuɗa kuwa, da ya ga dorina a bakin wannan kogi a 1353, ya sifanta yadda mutanen wurin suke farautarta da masu waɗanda aka huda aka zura musu igiyoyi masu ƙarfi, su jefe ta sa'an nan su jawo ta gaɓa. Abin mamaki shi ne, bayan shekara kusan 600, da Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki sinimar farautar dorina a wajen Ayoru a 1951, sifar makamin ba ta sake ba: kan ƙarfe mai kunnuwa, da igiya, da abin da zai taso saman ruwa ya nuna inda dabbar ta nutse.

Ma'abota wannan makami su ne waɗanda Sanwai da Zabarmawa suke kira Sorko, Hausawa kuma suke ce musu Sarkawa. Suna danganta kansu ga Faran Maka Bote, gwarzon da hikayoyinsu suka ce ubansa masunci ne uwarsa aljana, kuma a zamanin daular Sanwai su ne ƙashin bayan rundunar jiragen ruwa. Bayan da Muhammadu Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu tawaye wajen 1516 ya kafa mulkin Kabi, ya gina Surame, sai wani reshe nasu ya zauna a gulbin Kabi da gangaren Kwara har zuwa Yawuri, suka saje da Kabawa, harshensu ya koma Hausa, amma sana'a da asiranta suka zauna a hannunsu. Bature P. G. Harris ya rubuta bayanin masuntan Kabi a 1942, shi kuma Rouch, wanda ya bi kogin nan a kwalekwale tun daga mafarinsa har teku a 1946 da 1947, ya wallafa maƙala a 1950 a kan Sarkawa masu yawon su, waɗanda suke haurawa da jiragensu su yi watanni a ruwayen Sanwai, su komo da kifin banda su sayar a kasuwannin gangare. Madekali a kan hanyar wannan kai da kawo take, saboda haka kayan sun da ake samu a tsofaffin gidajenta gaurayayyu ne, wani ƙirar Kabi, wani ƙirar Yawuri, wani kuwa daga can sama aka sauko da shi.

Ba a fahimtar kayan su sai an fahimci ɗabi'ar kogin, domin Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, lokacin da Mekuru da Alibori da Sota da sauran ƙoramu suke kwararo jan ruwa mai laka. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi a duwatsun Gini ne, wanda yake yin watanni yana ratsa fadamun Masina, laka ta kwanta, sa'an nan ya iso nan da sanyin hunturu yana garai-garai. In ruwa ya hau fadama kifi yakan bi shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, a nan sai gura da undurutu da sauran tarkunan saƙa suke aiki; in ya fara janyewa sai a tare bakin ƙoramu; in rani ya tsananta, kifi ya taru a gurabe masu zurfi da tafkunan da suka yanke, sai Sarkin Ruwa ya ba da izini a yi su na gayya da koma da homa da gora. Wannan tsari na hana ruwa har lokacinsa ya yi, wanda Kabawa suke buɗe shi da gyaran ruwa da fashin ruwa, shi ne asalin bikin Argungu, wanda ya ɗauki sifarsa ta yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Ita ƙugiya hanya biyu ake bi da ita. Ta farko ita ce a sa mata koto, ko tana, ko gara, ko fara, ko ɗan kwaɗo, ko ƙaramin kifi mai rai in giwan ruwa ake nema, a jefa da fatsa ko a jera a doguwar igiya a kwana ana jira. Ta biyu ita ce mamari, wanda hikimarsa ta isa a tsaya a kanta: igiya ce doguwa da aka rataya mata ƙugiyoyi ɗaruruwa kusa da juna, babu koto ko ɗaya a jikinsu, a shimfiɗa ta dab da ƙasan ruwa a kan hanyar kifi, ta yadda tarwaɗa ko ramboshi ko kurungu, masu sulɓin jiki marasa ɓawo, in suka zo wucewa cikin duhu sai wata ƙugiya ta kama fata, in kifin ya yi fizga sai maƙwabtanta su ƙarasa aikin. Mai mamari ba ya yaudarar kifi da abinci, sanin hanyarsa kawai yake dogara da shi, da kaifin bakin ƙarfe, shi ya sa yake wuni yana wasa ƙugiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Shari'a kuma ba ta ƙuntata masa ba, domin a mazhabar Imamu Malik dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba, ko da an tarar ta mutu a jikin igiya.

Duk waɗannan kaya a dā daga ƙasar nan suke fita. Maƙeri ya narka tama ya fitar da ƙarfe, ya buga ƙugiya da zago da hargi a kan uwar maƙera. Manomi ya shuka rama da wani irin wake da ake ce wa yawa, wanda ba domin ƙwayarsa ake nomansa ba sai domin zaren da ke jikin sandar furensa, mai jure wa ruwa. Masunci ya murza zaren a cinyarsa, ya saƙa raga, ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa ko ɓawon itace domin kada ta ruɓe, har ta yi jaja-jaja, abin da karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma take tuna mana. Mai ginin tukwane ya gasa ƙananan dunƙulen yumɓu masu huda domin nutsar da gindin raga. Masassaƙi ya fafe maɗaci ko kawo ya yi jirgi. Ƙugiya guda, in aka bi diddiginta, sai a tarar ta ratsa hannun masu sana'a huɗu ko biyar kafin ta taɓa ruwa.

Abubuwa huɗu ne suka taru suka kawar da wannan zamani. Na farko ƙugiyar inji: kamfanin Mustad na ƙasar Nowe, wanda aka kafa a 1832, ya sami injin da yake cin waya ta wannan gefe yana zubo ƙugiyoyi ta wancan a 1877, kuma da kantunan Turawa suka bazu a bakin Kwara, sai kwalayensa masu tambarin mabuɗi suka iso da arahar da babu maƙerin da zai iya karawa da ita. Na biyu zaren nailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, ya shigo ruwayenmu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kashe noman yawa da rinin raga gaba ɗaya, tun da shi ba ya ruɓewa. Na uku dokokin gwamnati, waɗanda suka taƙaita farautar dorina da ayu, aka kuma killace dajin W a 1954, sai babban zago ya rasa aikin yi ya koma jingine a lungun ɗaki. Na huɗu sauyin kogin kansa: madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta nutsar da tsohuwar Busa da tsibiran Yawuri da yawa, ta sake tafiyar kifi, sa'an nan fari na 1973 da na 1984 suka biyo baya, har Kwara ta tsaya cik a Yamai a watan Yuni na 1985. Cikin rayuwar mutum guda, kayan da aka yi ƙarnuka ana gadonsu suka zama abin da yara ba su san sunansa ba.

A nan ya kamata mu leƙa wata ƙasa mu ga yadda mutanenta suka yi da nasu tsofaffin kayan. Turawan Amurka da na arewacin Turai, da yake da yawansu don nishaɗi suke su, sun ƙware wajen ƙera koton ƙarya, wato ɗan kifi na itace ko na ƙarfe mai ɗauke da ƙugiya, wanda ake ja cikin ruwa yana rausaya har babban kifi ya zaci abinci ne. Julio Buel ya karɓi takardar shaidar ƙirƙira a kan mai siffar cokali a 1852. Riley Haskell na jihar Ohayo ya karɓi tasa a 1859 a kan ɗan kifin ƙarfe mai wutsiya mai juyawa. James Heddon na Mishigan ya fito da nasa na itace a 1902. Wani matalaucin masunci na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936 da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan. Yau waɗannan abubuwa sun zama dukiya. Masu tara su sun kafa ƙungiya a Amurka tun 1976, kuma a 2003 an sayar da babban samfurin Haskell guda ɗaya a gwanjo a kan dala 101,200. Abin da ya ba su wannan daraja kuwa ba ƙarfen ko itacen ba ne, tabbacin asali ne: suna duban idon, ko na gilashi ne ko na fenti, da irin maƙalar ƙugiyar, da launin jiki, da kwalin da aka sayar da shi a ciki, su gwada da takardun kamfani da lambar rajista, har su faɗi shekarar da aka yi shi.

Mu ba mu da kwali, ba mu da lambar rajista, amma muna da wani mizani da malamanmu suka daɗe da saninsa. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun auna abu biyu, matani da isnadi, wato lafazin kansa da silsilar mutanen da suka ruwaito shi. Haka ya kamata mai tara tsofaffin kayan su ya yi, ya ɗauki jikin kayan a matsayin matani, bakin masu shi kuma a matsayin isnadi. Ta fuskar matani, ƙugiyar maƙeri ba ta ɓuya. Jikinta ba ya zama mulmulalle sumul, yakan yi kusurwa-kusurwa da sawun masaba, kaurinsa yana raguwa daga gindi zuwa baki. Kunnenta da kurfi aka tsaga shi, saboda haka yakan fito da kauri, wani lokaci a karkace. Gindinta ko dai an fyaɗa shi ya yi faɗi domin ɗaurin zare ya zauna, ko an lanƙwasa shi ya zama zobe marar haɗuwa sosai. Kuma ko ƙugiya ashirin maƙeri ɗaya ya buga a yini ɗaya, ba za a sami biyu da suka yi daidai ba. Ƙarfen tama in ya yi tsatsa yakan nuna zane-zane a tsaye yana ɓarewa falle-falle, saboda ragowar kashin ƙarfe da ke cikinsa, alhali wayar inji tsatsarta bai ɗaya take ci. Akwai kuma tsaka-tsakin zamani da bai kamata a raina ba, lokacin da maƙera suka bar tama suka koma ƙera ƙugiya da ƙusa da wayar ƙafar keke da ta laima, inda za a ga jiki mulmulalle na inji amma kunne da baki aikin hannu.

Zago kuwa girmansa da yawan kunnuwansa su suke faɗin abin da aka nufa da shi, domin na dorina da na ayu da na kada da na babban kifi ba ɗaya ba ne, sai a duba kuma inda igiya take ɗaure, ko huda ce ko wuya aka yi masa, a duba ƙotar ko ta yi santsi da duhu a wurin riƙo, domin gumin hannu na shekaru ba a iya ƙirƙirarsa a mako guda. Raga ana gane tsufanta da zarenta, murjin hannu ne mai kauri nan siriri can ko kuwa na inji, da warin hayaƙi da rini, da kuma abin da aka rataya mata: yumɓu gasasshe da ɓallin gora sun riga dalma, dalma kuma ta riga yankakken silifa da soson roba da ake gani yau. Mafi girman darasi yana cikin faɗin idonta. In aka shimfiɗa tsohuwar raga kusa da ta yanzu, aka ga ta dā hannu yana shiga idonta ta yau kuwa da ƙyar yatsa yake shiga, to an sami shaida, wadda ba ta bukatar rantsuwa, a kan girman kifin da kakanni suke kamawa da wanda suke bari ya wuce ya girma.

Sai dai matani kaɗai ba ya isa, domin ƙarfe ba ya faɗin sunan garinsu. Wajibi ne a zauna da mai kayan, a gaishe shi yadda ya kamata, a tambaye shi a natse: Baba, wa ya ƙera wannan, a wane gari? Daga hannun wa ya zo hannunka? Wane kifi ake nema da shi, a wane gurbi, a wane lokaci na shekara? Yaya sunansa da Hausa, yaya da Dandanci? Tsofaffinmu ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya auku, saboda haka sai a tambaya ko kafin a gina gadar Gaya ne ko bayanta, ko kafin Faransa ta sauka daga mulki a 1960, ko kafin ruwan Kainji, ko kafin babban fari, ta haka sai a kewaye shekarun kayan ta gaba da baya. In silsila ta haɗu tun daga mai riƙe da shi har zuwa maƙerin, kuma jikin kayan bai ƙaryata ta ba, wannan ya zama sahihi. In an san gidan amma an manta maƙerin, ya sauko daraja ɗaya. In a kasuwa aka tsince shi a hannun wanda bai san inda ya fito ba, to da'ifi ne, a ajiye shi amma kada a gina hukunci a kansa. Akwai kuma maudu'i, domin duk inda baƙi suka fara sayen tsofaffin kaya, ba a rasa mai buga sabon ƙarfe ya binne shi a danshi da gishiri ya fito da shi ya ce na kakansa ne. Irin wannan tsatsarsa ja ce mai laushi, tana goguwa a yatsa, bakinsa kuma babu alamar an taɓa wasa shi.

Akwai ladubba da mai wannan aiki zai kiyaye, in yana son ya tsira a wurin Allah da wurin mutane. Zagon da uba ya bari dukiyar magada ce, bai halatta a saye shi a ɓoye daga hannun ɗa guda ba tare da yardar sauran ba. Wasu kayan kuma ana tarar da su da layu ko ƙulle-ƙulle irin na mutanen dā, waɗanda suke da alaƙa da abin da Sarkawa suka yi imani da shi game da iskokin ruwa. Mai tarihi ba mai fatawa ba ne a wannan wuri, aikinsa ya rubuta abin da ya gani yadda yake, kada ya tsinke komai, in kuma masu shi suka ce ba a fita da shi daga gida, sai ya wadatu da hoto da awo da bayani. Kada a kankare tsatsa da magagari ko yashi don neman ƙyalli, domin sawun masaba ake kankarewa. A share ƙura, a shafa mai kaɗan, a nisanta itace da zare daga gara da danshi, a ɗaura wa kowane abu 'yar takarda mai lamba wadda ta dace da shafinsa a littafi.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne, maƙiyan waɗannan kaya biyu ne, kuma kowannensu ba ya hutawa: masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, waɗanda a wurinsu zagon da ya kashe dorina da guntun ƙarfen mota duk kilo ne, da kuma ajali, wanda yake ɗauke tsofaffin da suka ga zamanin yawa da tama da idonsu. Wanda yake saurayi lokacin da aka buɗe gadar Gaya yau ya haura tamanin. Gidajen ajiya ba su gagara ba, ga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, ga kuma na Bubu Hama a Yamai da aka kafa a 1959. Amma tun kafin a kai ga manyan gidaje, aikin na mutanen gari ne, kuma ba ya cin kuɗi. Malamin makaranta guda a Madekali, ko a Garu, ko a Lolo, da izinin Sarkin Ruwa da dattawan unguwa, in ya sami littafin rubutu da ma'aunin tela da wayar hannu mai ɗaukar murya, zai iya bin gidajen masunta a rani ɗaya ya rubuta kowane abu da isnadinsa, da boko ko da ajami, ya bar kayan a hannun masu shi in sun fi son haka. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ranar da hukumomin ƙasashen nan uku, Benin da Nijar da Nijeriya, za su zauna su yi shawara a kan faɗin idon raga da lokacin hana ruwa, za su bukaci sanin yadda aka yi kogin ya ciyar da mutane ƙarni bayan ƙarni bai gaza ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar magabata, amin.